Hannun Nya Liboria

Ranar da labarin ya zo muna bakin kogi, ruwa har gwiwa, iskar kudu tana tsaga mutum. Watan Mayu ne, sanyi ya fara kankama. Ni da Liboria muna kan dutsenmu na kullum muna bugun wandunan sojan Birazil, sai ga Balbina ta gangaro da kwandon lemu a ka, tana yanga kamar matar alƙali.

"To, 'yan wankin bariki," in ji ta, "ku matse da kyau, na ƙarshe ke nan. Iyayen gidanku za su tafi."

Na ce, "Balbina, da bakinki jirgin ruwa ne, da tuni sun kai gida. Shekara nawa kina sallamarsu?"

"Wannan karon an sa hannu a takarda. Da ganga aka yi shela a bakin kasuwa. Kafin ƙarshen watan gobe ba za a bar ko ɗaya a nan Asunsiyon ba." Sai ta karkata kai ta dubi Liboria. "Abin da ban ji ba shi ne ko za su kwashe har da kwanukan da suka ci suka bari."

Ba wadda ba ta gane ba. Delfina, 'yar da yaƙi ya rage wa Liboria tilo, tana auren wani kofur na Birazil, har da 'yarsu mai shekara huɗu. Na ɗaga jiƙaƙƙen wando zan shauɗa wa Balbina a fuska, sai na ga Liboria ta saki wanda ke hannunta, ruwa ya ja shi yana tafiya, ita kuwa tana kallonsa kawai. Shekara talatin na san matar nan, ko hankici ban taɓa ganin kogi ya ƙwace mata ba. Ni na shiga har ƙugu na kamo shi.

An ce baƙo raɓa ne. Tamu raɓar ta shekara bakwai ba ta bushe ba. Kullum a coci roƙonmu ɗaya ne, Allah ya nuna mana ƙeyarsu. To ga ranar ta zo, ni kuwa Damasia abin da na ji a cikina ba murna ba ce, tsoro ne tsagwaronsa. Na san Delfina sai ta bi mijinta ko ta zauna ta sha abin da unguwa ta tanadar mata. Na kuma san ba za ta taka jirgi ba sai da albarkar uwarta, alhali uwar ta shekara bakwai ba ta ɗaga wa kowa hannu ba.

Kun dai san yadda ake yi. Yaro ya tashi da safe, kafin ya sa komai a baki, ya haɗa tafukansa a gaban uwarsa ya ce, "Albarka, Mama." Ita kuma ta ɗaga yatsu biyu na dama ta zana gicciye a iska bisa kansa, ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Na ga ƙato mai furfura ya diro daga doki a tsakiyar hanya ya yi wa tsohuwarsa haka. Tafiya kuwa, ko nan da garin Luke da ke kusa ce, ba mai ɗaga ƙafa bai karɓa ba. Wanda ya yi nisa babu ita, a wurinmu kamar uwarsa ta sallama shi ne.

Liboria mutuniyar Pirayu ce, aure ya kawo ta birni. Mijinta Fermin mai amalanken shanu ne. Gajeruwa ce, da ƙyar ta kawo mini kafaɗa, amma a da in ta yi dariya sai an jiyo ta daga ɗaya gaɓar. Takan yi rawa da tulu cike a ka, ko ɗigo ba ya zuba. Ta haifi maza uku, sannan Delfina, wadda ni na riƙe a coci ranar baftisma. Shi ya sa muke kiran juna komadre, yarinyar kuma ta ce da ni madrina, wato uwar baftisma.

Da yaƙi da Birazil ya tashi, Fermin da babban ɗansu Gaspar suka fara tafiya. A ƙofar gida suka tsaya, har shi Fermin ɗin don wasa ya haɗa hannu kusa da ɗansa, ta yi dariya ta sa musu albarka su biyun. Bayan shekara wani mai ƙafa ɗaya ya kawo poncon Fermin, bargon da maza ke zura kai a tsakiyarsa su yafa, a naɗe. Haka ake yi: wanda ya faɗi, abokinsa ya kai wa gidansu ponconsa, ba sai an yi dogon bayani ba. Na Gaspar ya biyo baya. Aka zo aka ɗauki Isidoro, nasa ma ya dawo. Leandro shekararsa goma sha uku da aka kira sa'o'insa. Ba shi da ponco, sai ta rage masa na ubansa, ta dunƙule bakin da zare. Ya haɗa hannu, ta sa masa albarka. Poncon nan shi ne ya sake dawo mata karo na biyu.

Tsakanin haka an kore mu daga birni, mun bi bayan sojanmu a ƙafa, mun ci zuciyar kwakwar daji da lemu mai ɗaci, mun binne wanda muka binne a gefen hanya. Ba na son maganar. Da muka dawo muka tarar da gidajenmu ba ƙyaure ba gado, dawakin Birazil suna kiwo a dandali. Gari duk mata ne, in ka ga namiji to tsoho ne ko gurgu. Masu kuɗi su ne sojan nan, masu datti ma su ne. Muka ɗauki toka da sabulu muka nufi kogi. Wadda ta ga laifinmu ta faɗa mini me za mu ci.

Tun daga nan Liboria ta zama wadda kuka sani: ba dariya, taba a baki, aiki kamar jaka. Ba mai sa sitacin rogo kamarta a duk bakin kogin, hafsoshi da kansu suke cewa a kai mata rigunansu. Amma kullum safiya Delfina ta haɗa hannu ta ce, "Albarka, Mama," sai ta kau da kai ta ce, "Je wurin madrinarki." Yarinyar ta tsallako katanga ta zo, ni in sa mata. Na ɗauka baƙin ciki ne ya busar mata da zuciya, na ce lokaci zai yi magani. Ina!

Shi Benedito, mijin Delfina, shi ke kawo mana wanki daga bariki a bayan alfadari. Baƙi ne, ƙato, mutumin Bahiya. Bawa ne a can, ubangijinsa ya tura shi yaƙi a madadin ɗansa, aka ce in ya gama aikin soja ya zama ɗa. Ni ba na son sojan Birazil, na ga abin da na gani da idona, kuma ba zan yafe ba. Amma gaskiya ɗaya ce. Shekara biyu mutumin nan yana ɓoye wake da busasshen nama a cikin ƙunshin wankin Liboria, bai taɓa neman ko na gode ba. Da Delfina ta isa, limamin cocin bariki ya ɗaura musu aure. Liboria ba ta hana ba, ba ta je ba, ba ta kuma taɓa kiran sunansa ba, sai "wancan." Da aka haifi Tomasa kuwa, ai sai ta ƙwace ta. A bayanta yarinyar ta girma. Duk shekara, ranar bikin waliyyin da aka sa mata sunansa, sai ta tsayar da ita jikin katakon ƙofa, ta tsaga alamar tsawonta da wuƙa. Amma ita ma in ta haɗa 'yan hannuwanta, ni ake turo wa.

Aka fara kwasar soja rukuni-rukuni. Kullum ka ji begila da asuba, da hantsi ka ga jirgi ya yi arewa yana hayaƙi, zuwa Korumba, can cikin ƙasarsu. Aka ce matan soja su bi kyauta. Mata suka yi ta tafiya da tukwane da kaji a ƙafa ɗaure, wasu da aure, wasu ba aure. Duk jirgin da ya tashi, unguwa sai ta ƙara baki. Waɗanda jiya suke sayar wa soja lemu suna washe haƙora, yau su ne masu kishin ƙasa. Wata rana muka dawo muka tarar an watsa wa shanyarmu kashin shanu. Aka aske wa wata yarinya kai a bayan kasuwa. Tomasa ta shigo gida tana tambayar uwarta, "Mama, mene ne 'yar biri?"

Wanki ya ragu, barci ya ƙaurace mini. Nakan zauna da ƙoƙon mate, shayin ganyenmu, a hannu har ya huce ban zuƙa ba, ina sauraron ko wannan ƙarar dutse ce a kan rufin su Liboria.

Aka ce rukunin su Benedito ranar Alhamis ta sama. Delfina ta ɗaure kayanta tsaf, sannan a gabana ta ce da uwarta, "Mama, ki ji da kyau. In ba ki sa mini albarka ba, ba zan hau jirgin nan ba. Na rantse da kabarin Baba da ban san inda yake ba."

Liboria ta ci gaba da hura gawayin dutsen guga. "Madrinarki tana nan."

"Madrina ba ita ta haife ni ba."

"To ki hau haka. Wa zai duba goshinki ya gani?"

"Ni zan gani."

Kai, taurin kan gidan nan! Uwa dutse, 'ya dutse. Benedito kuwa gaba kura baya sayaki: in ya tsaya ya zama gudajje, a kamo shi a yi masa bulala, 'yancin ma ya tafi, in ya hau kuma ya bar mace da 'ya. Ran Litinin da tsakar rana ya zo har tsakar gida, hula a hannu, ya durƙusa a gaban Liboria da gurguwar maganarmu da bai taɓa iyawa ba. Ya kira ta Nya, yadda muke girmama babbar mace.

"Nya Liboria, ni babu uwa. An sayar uwa, ni ƙarami. Ba wanda sa mini hannu. Ki sa wa Delfina. Ni riƙe ta da kyau, Allah gani."

Ta dube shi, karo na farko da na ga ta dube shi a fuska. Sai ta tashi ta ɗauko rigarsa da ta goge, ta miƙa masa, ta shige ɗaki. Ya daɗe a durƙushe da rigar a hannu kafin ya tashi.

Ran Talata na ce ya ishe ni. Na bari sai da mata suka hau tudu shanya, ya rage daga ni sai ita a kan dutse. Na cika ƙoƙon mate na miƙa mata, don kada ta ce da faɗa na zo, alhali da faɗan na zo.

"Komadre, ke wace irin uwa ce? Kin tsani mutumin, na ji. Amma yarinyar nan me ta yi miki? Ai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta ajiye ƙoƙon, ta buɗe tafin damanta a gabana, duk toka ta cinye shi ya yi fari.

"Wannan kuwa, da zan iya, da tuni na yanke. Damasia, mutum nawa suka tsaya a ƙofata za su tafi na ɗaga musu shi?"

Ba ta jira amsata ba.

"Huɗu. Ponco nawa ya dawo? Faɗi mana, ke mai baki."

"Haba komadre! Harsashi ne ya kashe su. Duk matan garin nan sun sa wa nasu albarka, duk sun rasa."

"Ɗan Balbina ya dawo."

"Da hannu ɗaya."

"Ya dawo. Kin san dalili? A hanya aka kama shi aka sa shi soja, uwarsa tana kasuwa, ba wanda ya sa masa hannu. Na Petrona ma haka. Na bincika, Damasia, gida-gida na bi ina tambaya a dabara. Ranar da poncon nan ya dawo na biyu na yi alkawari, hannun nan ba zai ƙara hawa kan wani mai rai ba. Delfina kaɗai na hana wa, ita kaɗai ke numfashi."

Sai a lokacin na gane. Shekara bakwai ina zagin matar nan a zuci ina cewa ba ta da tausayi, ashe tsoro ne yake cin ta ita kaɗai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na ce, "To so kike ta zauna?"

"So nake ta tafi!" Ta faɗa da ƙarfi har wata a kan tudu ta waiwayo. Ta rage murya. "Kin ga shanyarmu. Kin ji abin da ake ce wa Tomasa tun soja suna nan, ina ga sun tafi? Ta tafi, ta bi wancan, ba mugu ba ne, na sani. Amma ta tafi ba hannuna a kanta."

Ban yi mata alkawarin rufe baki ba, don haka da yamma na kwashe duka na faɗa wa Delfina. Na ɗauka za ta yi kuka ta ce shi ke nan, ta hau haka. Kukan kam ta yi. Da ta share ido sai ta ce, "Madrina, yanzu ne ma ba zan hau ba. In na tafi haka na rayu, za ta ce ga shaida, ta mutu tana ganin ita ta kashe Baba da yayyena. Ba zan bar mata wannan a ka ba."

"Yo in jirgin ya tafi fa, 'yar nan?"

"Sai ya tafi."

Wayyo ni Damasia! Na je gyara na ƙara ɓatawa. Ran Laraba na yi zirga-zirga tsakanin uwa da 'ya har ƙafata ta kumbura. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu ga shi za mu fafe. Abu ɗaya kawai na gani da ya ba ni ɗan ƙwarin zuciya: Liboria ta wanke farar rigar Tomasa ta zuwa coci, ta sa mata sitaci, ta goge ta har sau biyu.

Ran Alhamis tashar jirgi ba masaka tsinke. An yi yayyafi da asuba, ƙasa ta zama taɓo. Soja suka jeru suka hau da ganga da begila. Na hango Benedito a layi a bisa jirgi, ya fi kowa tsawo, ba damar ya motsa, idonsa kaɗai ke yawo cikin taro. Mutanen gari sun cika gaɓa, wasu na ihu, wasu na waƙa, wasu na tofar da yawu. Bayan soja sai aka ce mata su hau. Suka yi ta turereniya a kan katakon hawa da ƙunshi da tukwane.

Liboria ta zo, ban zaci za ta zo ba. Ta naɗe hannun damanta a cikin gyalenta, ta danne shi a ciki da na hagu. Delfina ta ajiye kayanta, ta durƙusa a cikin taɓon nan a gabanta, ta haɗa hannu. Tomasa da ta ga haka, ita ma ta tsaya kusa da uwarta cikin farar rigarta, ta haɗa nata.

"Albarka, Mama."

"Tashi ki hau."

"Albarka, Mama."

"Delfina, don girman Allah ki tashi ki hau jirgin nan!"

Jirgi ya yi kuka na farko. Mata sun kusa ƙarewa a kan katako. Wani ma'aikacin jirgi ya leƙo yana yi mana ihu da yarensu yana nuna katakon. Ni kuwa ina jan wannan, ina jan waccan, ba wadda ta san ina yi. Na ce, "Komadre, za su janye!" Amma hannun Liboria yana nan a naɗe.

Tomasa ta ɗago kai ta ce, "Kaka, hannuna ya gaji."

Jirgi ya yi kuka na biyu. Daidai nan wani daga cikin taro, har yau ban san ko wane ne ba, kuma Allah ya taimake shi da ban sani ba, ya dunƙula taɓo ya wurgo. Ya sami Tomasa a kafaɗa, ya fantsama mata a wuya da gaban riga. Aka yi shewa.

Mai wanki mai wanki ce. Kafin ta yi tunani, Liboria ta fizgo hannun daga gyale tana kaɗe taɓon, tana cewa, "Kai, kai, rigar da na goge sau biyu!" Ta share wuyan, ta share kumatu, ta kai ga gashi. Sai ta tsaya cak. Ga hannun nan a bisa kan yarinya. Ta dube shi. Ta juya ta dubi taron da ke dariya, ta daɗe tana dubansu. Sannan ta dubi 'yarta a cikin taɓo.

Na ga yatsun biyu sun miƙe. Ta zana gicciye a kan Tomasa. Ta zana a kan Delfina. Muryar da ƙyar ta fito: "Allah ya yi muku albarka." Sai ta ɗaga hannun sama can, wajen jirgi, wajen dogon nan da ke tsaye a layi, ta zana na uku.

"Ku tafi," ta ce. "Maza ku tafi, kada ku waiwayo."

An fara jan katako Delfina ta haye da yarinya a kafaɗa, ni na wurga musu ƙunshin. Muka tsaya har hayaƙin ya ɓace a kwanar kogi. A hanyar gida Liboria ta ce da ni, a hankali kamar mai faɗin farashin rogo, "Na kashe su, komadre. Su uku a tashi ɗaya."

Bayan kwana kaɗan sojan ƙarshe ya hau, aka buga ƙararrawa a duk cocin gari, aka yi rawa a dandali. Ni ma na taka kaɗan, ba zan ɓoye ba. Liboria ba ta fito ba. Muka koma wanke wa 'yan kasuwa da matuƙan jirgi, abin da ba ya kai ya kawo. Ta sake naɗe hannun, sai za ta yi aiki take kwancewa. Duk jirgin da ya gangaro daga arewa tana tasha kafin ya tsaya, ba ta tambayar kowa komai, kallon hannuwan masu sauka kawai take, ko wani na riƙe da abu a naɗe. Aka ce ana zazzaɓi a Korumba, aka ce wani jirgi ya kife. Ni nakan ji in ɓoye, ita takan ji ta ɓoye, mu zauna muna shan mate kowa na yi wa ɗan'uwansa ƙarya. Wata takwas muka yi a haka, ta rame har ta koma kamar yarinya.

Rannan cikin zafin Fabrairu wani mai zuba wa jirgi itace ya sauko yana tambayar Liboria mai wanki. Ƙunshi ne a hannunsa. Tana ganinsa ta zauna daɓas a ƙasa, ba ta karɓa ba. Ni na karɓa na kwance. Farar rigar Tomasa ce, a ninke, ga tabon taɓon nan bai gama fita ba.

Liboria ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Biyar." Shi ke nan abin da ta ce.

Mutumin ya yi ta surutu da yarensu yana nuna rigar, ni ina jin kamar in shaƙe shi. Da ƙyar na tsinci maganarsa, da ɗan abin da na koya a bakin bariki. Na zazzage rigar, sai ga jan zare ya faɗo, da ƙulli a kowane baki.

"Komadre, tashi! Cewa yake rigar ta matse ta! Delfina ce ta aiko a ba wata, ta ce kuma ki gwada zaren nan a jikin ƙofa. Sakaryar yarinya! Wa ke aiko wa uwa tufa a naɗe a ƙasar nan? Allah ya haɗa ni da ita!"

Ban san tsohuwa na gudu haka ba. Ta riga ni isa gida. Na same ta a durƙushe ta danne ƙulli ɗaya a ƙasa da yatsan ƙafa, ta miƙe zaren jikin katako. Ya wuce tsagar ƙarshe da yatsa biyu. Ta gwada, ta sake gwadawa, ta ce in gwada da kaina. Sai a lokacin kukan ya zo, na shekara bakwai da na wata takwas gaba ɗaya, har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya mutu.

Kada ku ɗauka ta warke. Da ta share hawaye cewa ta yi, "Wannan tsawon watan jiya ne. Wa ya san yau?" Haka ta ci gaba da zuwa tasha. Zare yakan zo duk shekara, wani lokaci da saƙon baki: Benedito ya fita soja yana aikin kafinta, an sami ƙani, an sami ƙanwa. Sau biyu Delfina ta aiko uwar ta je wurinsu, Liboria ta ce ita ba ta barin ƙofar nan, wa zai gwada zaren? Takan tsaga sabuwar alama, ta rataye zaren a ƙusa. Sai a shekara ta huɗu ta daina naɗe hannun.

Zare tara ta samu. Na taran ya fi ta tsawo, sai da ta hau kujera ta tsaga alamarsa. A sanyin shekarar ciwon ƙirji ya kwantar da ita, kwana shida ta cika. Ba ta da kowa a garin sai ni, don haka ni na yi mata wanka, na sa mata farar riga da na goge da sitaci, ko da yake bai kai nata ba. Da aka zo haɗa mata hannu a ƙirji aka nemi abin ɗaurewa, na ciro zaren na tara daga ƙusa na ɗaure su da shi.

Da na ja baya na dube ta, ga ta kwance, tafukan a haɗe, kamar yarinyar da ta tashi da safe ta zo gaban uwarta. Tafiya za ta yi, kuma ba wanda ya rage da zai sa mata. Na ɗaga yatsuna biyu na ce, "Allah ya yi miki albarka, komadre."